Karan Awon Malam Maccido

Ranar Alhamis, ashirin da tara ga Satumba, 1960, bayan la'asar, Malam Maccido ya ajiye shugabancin Jam'iyyar Suturar Baƙi ta birnin Sakkwato. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana riƙe da ita.

Jam'iyyar ba ta siyasa ba ce. Mutum goma sha ɗaya ne, kowa da sana'arsa, ba wanda ake biya. Aikinsu ɗaya: baƙon da ya mutu a birni ba dangi, ko falke ne, ko ɗan ci-rani, ko mai ziyarar Hubbare, su za su yi masa wanka, su sa shi a likkafani, su sallace shi, su rufe shi. Suna da wani zaure marar ƙyaure a bakin maƙabarta, inda suke ajiye makara, da diga biyu, da shebur, da akwatin farin ƙyalle.

Tsarin aikin Malam Maccido ne ya kafa shi. Idan labarin gawa ya zo, shugaba kaɗai ke zuwa da karan dawa, ya shimfiɗa shi kusa da mamacin, ya yanke shi daidai tsawonsa, ya kawo ya jingina a hagun ƙofar zaure, sannan ya koma wajen wanka. Masu haƙa idan suka zo suka ga kara a wurin, ɗauka kawai suke yi su tafi su haƙa. Ba sa tambayar na wa ne. Malam ya ce tambaya ɓata lokaci ce, gawa kuwa ba ta jira. Akwai kuma dokoki biyu da ba a taɓa karyawa ba: shugaba ke fara shiga kabari ya duba shi, kuma kabari ba ya kwana a buɗe.

Taron sallamar bai yi rabin awa ba. Malam ya ce tsufa ya zo, zai koma Dundaye wajen gonarsa. Ya miƙa mabuɗin akwati ga Jibrin, mai gyaran keke, mutum ɗan shekara arba'in da ɗaya wanda ya yi shekara tara yana ɗaukar makara. Aka yi fatiha. Aka raka Malam har bakin hanya, kowa ya watse.

Washegari Jumma'a, da hantsi, Jibrin ya zo zauren ya tarar ba diga ba shebur. Ya jingine kekensa ya shiga maƙabarta. Can gefen gabas ya hango jar ƙasa a tare, da kawunan mutum biyu. Bawa ne, tsohon mahaƙin jam'iyyar, da Lawwali mahauci. Sun gama uwar kabari, suna gyara 'yar cikin, inda ake kwantar da gawa.

"Sabon shugaba ya iso," in ji Bawa, yana share gumi da hularsa. "Ranar hwarko, aikin hwarko. Ina baƙon namu?"

"Wane baƙo?"

"Mai kara. Tun asuba munka ishe shi jingine."

"Ni ban auna kowa ba, Baba Bawa."

Lawwali ya yi dariya daga cikin ramin. "To aljanu sun shiga jam'iyya ke nan. Sai a ba su diga su ma."

Ya ɗauko karan daga bakin kabarin ya miƙo. Jibrin ya karɓa. Tsohon kara ne, ya yi baƙi kamar abin da ya daɗe a hayaƙi, amma bai rube ba. An yanke bakinsa biyu a karkace, irin yankan wuƙar Malam Maccido. Jibrin ya dogara shi a ƙasa ya tsayar da shi kusa da jikinsa, yana tunani.

Lawwali ya daina dariya. Bawa ya dube shi daga ƙafa zuwa kai, ya mayar da hularsa.

"Jibo," ya ce, "ɗan matsa da shi daga jikinka."

Jibrin ya ɗora tafin hannunsa a kan kansa ya kai shi gefe. Hannun ya sauka a bakin karan, ba ragi ba ƙari.

Jibrin ya ce su jira shi a inuwa, ya ɗaure karan a jikin kekensa, ya shiga gari neman mai kabarin.

Garin ya cika. Ranar kasuwa ce, kuma jajiberin samun 'yancin kai. Teloli sun fito da kekunansu bakin titi suna ɗinka tutoci kore da fari, 'yan makaranta suna gwajin maci a fili, ana ta shafa farar ƙasa a gindin itatuwa. Jibrin ya je asibiti, aka ce tun Talata ba a yi rashi ba. Ya je tashar mota. Ya bi masaukan fatake guda huɗu. Ya tambayi masu kula da baƙi a Hubbare. Ko'ina amsar ɗaya ce: lafiya lau aka kwana. A shekara tara bai taɓa yawo yana fatan a ce masa wani ya mutu ba sai ran nan, kuma ya lura da hakan.

Ya yi sallar Jumma'a a sahun baya, kusa da kekensa. Da aka sallame bai koma gida ba. Ya kama hanyar Dundaye.

Ruwan Rima ya cika fadama a wannan lokaci na shekara. Ya bar keken a hannun mai fito, ya kwance karan, ya shiga jirgi. Mutum shida ne a ciki. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta dubi karan, ta dubi Jibrin, ta tattara ƙwaryarta ta koma can ƙarshen jirgin. Rana tana dukan ruwa, ba iska, har suka haye.

Ya tarar da Malam Maccido a bayan gida, zaune a kan buzu gindin rumbu, fuskarsa na kallon bangon rumbun. Jibrin ya yi sallama, ya tsuguna, suka gaisa. Malam ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen zaure ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Duk wannan bai juyo ba.

"Malam, an haƙa kabari ba gawa," in ji Jibrin. Ya ajiye karan a gaban buzun.

Malam ya shafa karan da yatsa, daga baki zuwa baki.

"Wanga nawa na," ya ce. "Ran da nik karɓi aikin, Malam Atika, wanda yar riƙe shi kahin ni, ya sa ni kwanta ya auna ni. Ya ce mai auna mutane ya san shi ma an auna shi. Shekara ashirin da huɗu shina cikin azarar zaure. Jiya na sauko da shi in taho da abina gida. Na jingina shi bakin ƙohwa ina sallama da mutane, sai na manta."

"A hagun ƙofa."

"Hannuna bai san wani wuri ba, Jibo."

Jibrin ya ji numfashinsa ya sauka. Mantuwa ce, irin ta tsofaffi. Har ya fara tunanin yadda zai ba Lawwali labarin. Sai kuma ya tuna abin da hakan ke nufi, ya yi shiru, domin ba a gaya wa dattijo an haƙa masa kabari.

Malam ya fahimta. Ya yi 'yar dariya.

"Kana jin kunyar hwaɗi. Bari mu gani."

Ya tuɓe hularsa, ya miƙe a kan buzun, ya daidaita dugadugansa da bakin karan, ya rufe ido. Jibrin ya duba. Karan ya wuce kan Malam da yatsa huɗu.

"Nawa ya rage?"

"Yatsa huɗu, Malam."

"To ka gani. Tsuhwa ya ci ni. An yanka shi domina, amma ba nawa ba na yanzu."

Ya tashi zaune da ƙyar, ya mayar da fuskarsa ga rumbu. A cikin gida wata mata tana daka.

"Malam, mi ya sa kab bar aikin? Gonar nan ɗiyanka ke noma ta tun tuni."

Malam ya gyara zama a kan buzun.

"Da, sai na aza kara nike sanin tsawon mutum," ya ce. "Bara da kaka, ina cikin kasuwa, wani Bazabarme mai sayar da tabarmi ya wuce gabana. Ban nemi sani ba. Idona ya ba ni tsawonai: kamu ukku da ɗani ɗaya da yatsa biyu. Kwana biyar aka kira ni masauki. Na aza kara, haka yah hito. Na ce dacewa ta. Daga nan zuwa yau an yi goma sha ɗaya. Ba kowa nike gani haka ba. Sai in wuni cikin mutane ban ga komi ba, sai kuma ido ya tsaya kan mutum guda. Ban san ko gani nike yi ba, ko kira. Shi ya sa nit taho inda zan iya kallon bango."

"Ni hwa? Ya taɓa tsayawa kaina?"

"Tun da kash shigo ban dube ka ba. Jiya ma ban dube ka ba. Kuma ba ni dubin ka."

"Karan ya yi daidai da ni, Malam."

"Na ji a muryarka tun kana sallama." Ya tura karan baya da hannu ba tare da ya waiwaya ba. "Ina iya ce maka ka bar mabuɗin nan, ka koma ga kekunanka. Ba mai zarginka. Amma rana ta yi ƙasa, kuma akwai rami buɗe. Yanzu kuwa ba ni na shugaba ba."

Jibrin ya zauna kaɗan. Mabuɗin yana aljihun gabansa, yana jin sanyinsa ta cikin riga. Ya ɗauki karan, ya yi sallama. Malam ya amsa wa bango.

Ya iso maƙabarta rana ta yi ja. Bawa da Lawwali suna nan inda ya bar su, gindin wata bishiyar bedi, sun yi la'asar a wurin. Daga cikin gari ana jin kalangu da ƙarar lasifika ana gwada ta. A maƙabartar ba abin da ke motsi sai inuwar tarin ƙasar, wadda ta yi tsawo har ta kai bakin hanya.

"Wa ad da shi?" in ji Bawa.

"Tsohon karan Malam na. Mantuwa ya yi da shi."

"To Malam lahiya shike?"

"Lahiya lau. Ya gaishe ku."

Bawa ya dubi ramin. "Shekara talatin ina haƙa, ban taɓa maida ƙasa kan wofi ba. Kabari in an buɗe shi, da abin da shika jira."

"Za mu ba shi karan."

"Sai an duba shi tukuna," in ji Bawa a hankali. "Ka san doka."

Jibrin ya sani. Ya cire takalmansa, ya ba Lawwali hularsa, ya zauna a bakin ramin ya sauka. Ƙasar ƙarƙashi tana da sanyi da danshin damina. Aikin Bawa ne, ba abin gyara: bango a miƙe, kusurwa a tsaf. Ya tsaya a cikin 'yar kabarin, faɗinta daidai kafaɗarsa in ya juya gefe. Daga nan ƙasa ba a jin kalangun. Yana ganin kawunan mutanen biyu a sama, baƙi a jikin sararin sama, ba ya iya gane fuskokinsu.

Ya sunkuya ya shimfiɗa karan a gefen alƙibla, yadda ake kwantar da mutum. Karan ya shiga cif. Ya tsaya yana kallonsa, kuma ya ji a ransa cewa zama a nan ba zai yi wuya ba.

"Jibo," in ji Bawa. "Ya isa. Kawo hannu."

Suka jawo shi su biyu. Ba a jera itace ba, ba a kwaɓa laka ba, ba a yi salla ba, tun da ba mutum. Jibrin ya karɓi shebur ya zuba ta farko da kansa, sannan suka karɓa suka ƙarasa. Suka baje wurin, ba su yi masa tudu ba. Kafin a kira magariba sun gama.

"Gobe hwa?" in ji Lawwali, yana karkaɗe digarsa. "Garin ga cike shike da baƙi. In an samu rashi, wa ka awo?"

"Ni," in ji Jibrin.

"Madalla. Amma ka yanko sabon kara, don Allah. Bayana ya gaji da haƙa wa itace."

Ya saɓa digar a kafaɗa ya wuce gaba a 'yar siririyar hanyar da ke tsakanin kaburbura, yana ba Bawa labarin wani sa da ya tsinke a mayanka. Jibrin yana biye, yana gyara zaman hularsa. Ya ɗaga kai don ya ce su mayar da diga da shebur zaure kafin su tafi, idonsa ya sauka a bayan Lawwali, daga ƙeya zuwa dugadugi.

Kamu uku da rabi, da yatsa uku.

Bai nema ba. Lissafin ya zo masa ne a shirye, kamar sunan ɗansa.

Ya tsaya cik. Lawwali ya waiwayo.

"Lahiya, shugaba?"

"Lahiya. Lawwali, gobe kada ka je mayanka. Ka zauna gida."

"Ranar 'yancin kai? Shanu nawa za a kayar gobe, ka sani?" Ya yi dariya, ya gyara digar a kafaɗarsa, ya ci gaba da labarin san da ya tsinke daga inda ya tsaya.