Hayaƙin Ɗakin Inna Hawa

Lois ɗiyar Andarawus tana da shagon ɗaukar bidiyo a bayan tashar Madawa. Bukukuwan aure da suna take ɗauka, da taron mawaƙan majami'a idan Kirsimeti ta zo. Don haka ba ƙaramin murna ta yi ba ranar da Mushe Alhusaini, wakilin wani furoje mai taimaka wa makiyaya, ya kira ta ofishinsa ya ce suna son ɗan gajeren fim a kan matan da ke yin cuku. Ya ce ta zaɓi matar da ta sani.

Ba ta yi dogon tunani ba. Inna Hawa, matar Malam Hamza makiyayi da ke zaune kusa da Tama, ita ke kawo wa mahaifiyarta nono tun lokacin da mahaifiyar ke aikin wanki a asibitin mishan. Lois ta tashi tana wasa da Rabe, babban ɗan Inna Hawa, a gindin ƙoren nonon. Da ta je mata da maganar, tsohuwar ta yarda, amma da sharaɗi.

"Cikin ɗakina za ki ɗauke ni, ɗiyata. Mutane su ga ƙoraina da kwanonina. Ba ni zama rana kamar mai jiran mota."

Ɗakin kuwa duhu ne. Ƙofa ɗaya, ba taga, ga murhu a gefe ana ɗumama madara. Lois ta saita kamara ta ɗauki abin da masu sana'ar ke kira ɗanyen hoto, wato hoton da kamara ba ta dafa ba, ba ta sa masa launi ba, ba ta zubar da komai ba. Yana cika kati da sauri, kuma idan ka kalle shi haka nan fari-fari yake kamar tufa da ta sha wanki. Amfaninsa shi ne daga baya mai gyara yana iya fito da abin da duhu ya ɓoye.

Da farko ta gwada ƙara wa kamarar ƙarfin gani. Nan take hoton ya cika da tsaki, ɗigo-ɗigo ja da kore suna yawo a fuskar tsohuwar kamar tururuwa. A daidai lokacin itacen murhu ya turnuƙe, Inna Hawa ta zauna tana murza idanu da bakin zane, hawaye na zuba, tana yi wa surukarta faɗa da Fillanci a kan ta kawo ɗanyen itace. Lois ta yi dariya ta kashe kamara. Ta rage ƙarfin ganin, ta buɗe idon kamarar har ƙarshe, ta ari babban farantin silba ta jingine shi a bakin ƙofa ya turo hasken rana ciki. Ta sa aka rataya farin mayafi a ɗaya gefen. Sai ga fuskar Inna Hawa ta fito, ga jeren ƙorai masu zane a bayanta.

Ta daɗe tana gyara a odinater, wato kwamfuta. Tsakin da ya rage a lungunan ɗakin ta share shi a hankali, domin idan aka matsa wa na'urar sai ta shafe har tsagar fuskar mutum ta bar shi sumul kamar 'yar tsanar roba. Da ta kai aikin, Mushe Alhusaini ya yaba, sannan ya ce babban ofishinsu na son duk ɗanyen abin da ta ɗauka don ajiya. Ta kwafa masa gaba ɗaya, har da gwajin farko.

Damina ta kusa faɗuwa ranar da Rabe ya zo. Bai yi sallama ba. Ya jingine moto, ya shigo, ya buga wayarsa a kan teburinta.

"Duba abin da kiy yi wa uwata."

Lois ta ɗauka ta duba. Ɗakin ne, amma baƙi ƙirin, ƙoran sun nutse a duhu, tsaki na tafasa ko'ina. An rage gudun hoton, Inna Hawa tana share hawaye a hankali, wata garaya ta Turawa na kuka a ƙasa. Inda take faɗan itace da Fillanci, an rubuta da Faransanci cewa ba abin da ya rage musu, dabbobi sun ƙare, yara na kwana da yunwa.

"Wannan ba aikina ba ne, Rabe."

"Wa yash shiga ɗakin da kamara? Ni?" Muryarsa ta tashi har telan da ke maƙwabtaka ya tsai da kekensa. "Surukan Firdausi ƙanwata sun gani a waya. Shekaranjiya sunka aiko da buhun hatsi, wai sadaka. Sadaka, Lois! Ga Baba da garke biyu! A kasuwar Tama ana nuna shi da baki. Inna ko ƙofar gida ba ta hita."

"Wallahi abin da na ba su..."

"Kada ki yi mani rantsuwa. Nonon gidanmu kish sha kig girma."

Ya fizge wayarsa ya fita. Lois ta rufe shagon da tsakar rana, ta rataya jakar odinater, ta tafi ofishin furoje a ƙasa, don ko jiran ɗan kabu-kabu ba ta iya yi ba.

Ta tarar da Mushe Alhusaini yana shan shayi. Ta buɗe odinater a gabansa ta kunna fim ɗinta, ta ajiye wayarta a gefe ta kunna nasu.

"Mushe, wanne na ba ka?"

Ya kalli duka biyun ya gyara zama. "Madam Lois, zauna mana. Ba nan aka haɗa shi ba. Can babban ofishi suke da masu wannan aiki."

"Wa yaf fassara masu Fillancin? Su ma can suna jin Fillanci?"

Ya juya cokali a kofi.

"Faɗan itace taka yi! Hayaƙi ne yas sa ta hawaye! Na kwana na wuni ina share tsakin nan, ku kuma kuka ɗauko gwajin da na zubar, kuka ƙara masa duhu, kuka maida uwar mutane mabaraciya."

"Ki saurara," in ji shi, ya ɗan ɗaga hannu. "Naki ya yi kyau, ban musa ba. Kyan nasa ne ya yi yawa. Wa zai ba da taimako idan ya ga tsohuwa tana dariya cikin kwanoni masu walƙiya? Da fim ɗin nan za a haƙa rijiyoyi. Akwai matan da da gaske ba su da komai."

"To ku je ku ɗauki waɗannan, ku tambaye su in sun yarda! Da uwarka ce, Mushe, ka bari?"

Fuskarsa ta canza. Ya miƙe. "An biya ki aikinki, hoton kuma na furoje ne. Ki san irin maganar da za ki gaya mini a ofishina."

"Ku sauke shi."

"Ba ni da wannan iko. Kuma ina gaya miki, mai irin bakin nan ba ta daɗewa tana samun aiki da furoje."

Lois ta rufe odinater da ƙarfi har kofin shayin ya tuntsure a kan teburin. Ba ta ba da haƙuri ba.

Washegari ta shiga mota zuwa Tama, daga nan ta hau moto zuwa rugar. Malam Hamza na zaune a inuwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ya kau da kai. Inna Hawa ta bar ta tsaye a ƙofa har ƙafafunta suka gaji kafin ta ce ta shigo. Lois ta nuna mata fim ɗin da ta yi da hannunta. Tsohuwar ta kalla har ƙarshe.

"Wanga ya yi kyau," ta ce. "Amma wancan na kukan, wa yab ba su shi?"

"Ni ce, Inna. Sun ce ajiya za su yi."

"Ke da kin san abin banza ne, don mi ba ki zubar ba? In madara ta lalace mani, kai ta kasuwa nika yi in ce a ajiye?"

Lois ta sunkuyar da kai.

"Kin zo da abin naki?"

"Na zo da kamarar."

"Tashi mu hita."

A tsakar rana Inna Hawa ta tsaya, a bakin garke, ba faranti ba mayafi. Ta sa Rabe ya koro shanun suka taru a bayanta. Ta faɗi sunanta da na mijinta, ta ce ita ba ta taɓa roƙon kowa ba, wanda ya ce ta yi kukan yunwa maƙaryaci ne, Allah kuma ya isar mata. Ta faɗa da Hausa, ta maimaita da Fillanci, ta ce Lois ta rubuta da Faransanci yadda ta faɗa, Rabe zai kai wa malamin lakwal, makarantar boko, ya duba.

Bidiyon ya zaga wayoyin Tama da Buza da Madawa, har direbobin tasha suna kwaikwayon yadda take nuna kamara da yatsa. Surukan Firdausi suka zo ban haƙuri. Malam Hamza dai har yau ba ya amsa gaisuwar Lois, kuma babu furojen da ya sake kiranta.

Ta nemi lambar babban ofishin ta aika musu bidiyon tsohuwar, tare da bayanin duk abin da aka yi. Nasu fim ɗin bai sauka ba. Bayan an girbe hatsi amsa ta shigo wayarta, layi biyu da Faransanci, suna godiya da sha'awar da ta nuna ga ayyukansu. Lois ta karanta a bakin shago, ta ja tsaki mai ƙarfi har telan ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ta ce masa ya kula mata da ƙofa, tana da suna a Sabon Gida kuma ta makara.