Ajiya a Rumbun Kure

A shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, duk kamfanin da ke ci a ƙarƙashinta sai da ya ɗaure kayansa ya biyo sawu, don inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha. Cikin masu biyowar har da wani babban kamfanin haƙa rijiyar burtsatse, wanda ya daɗe yana huda ƙasa daga bakin teku har iyakar Nijar.

Injin haƙa kowane mai hali yana iya saye. Abin da ya sa kamfanin nan ya gagari sauran shi ne abin da ya sani. Duk rijiyar da ya taɓa haƙawa, an rubuta sunan garin, da zurfin da aka tarar da ruwa, da irin dutsen da aka fasa, da sunan shugaban ma'aikatan da suka yi aikin. In aka ce ana son ruwa a wuri kaza, wasu su je su yi ta lalube, su kuwa su tambayi kwamfuta. Takardun asali tuni ambaliyar Legas ta dama su kamar kunu a cikin sito. Abin da ya rage yana kan wasu faya-fayai na kwamfuta, masu faɗin faifan rufe ƙwarya, an naɗe su da zare irin na kaset.

Mai kula da faya-fayan nan Felicity Baƙo ce, 'yar wani ƙauyen Gbagyi da ke bayan Bwari. Ta yi shekaru tana aikin, amma har gobe in ta ɗauki faifai ɗaya sai tsigar jikinta ta tashi. Ruwan da ke kwance a ƙarƙashin garuruwan da ba ta taɓa gani ba, ga shi a tafin hannunta, bai kai nauyin ƙwaryar fura ba! Akwai kuma abin da ba ta cika faɗa wa kowa ba. Mahaifinta, marigayi Baƙo, shugaban masu haƙa ne a kamfanin. Ya bar gona tun yana saurayi, ya rasu a bakin aiki can nesa da gida, kuma in ban da waɗannan faya-fayai babu inda aikinsa yake a rubuce a duniya.

Yayansa, Baba Kure, bai taɓa yafe masa barin gonar ba. Duk sanda aka ambaci sunan Baƙo sai tsohon ya girgiza kai ya ce, "Ya tafi yawon duniya, ya mutu bai bar ko damin dawa ɗaya ba." Maganar tana sukar Felicity, amma 'ya ba ta musu da yayan ubanta. Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta ce masa aikin baban nata yana cikin kwamfuta. Ya kalle ta ya ce, "Kwamfuta gona ce?"

Ƙa'idar aikinta mai sauƙi ce. Ana kwafar bayanan kashi uku: sabon kwafi ana ce masa Ɗa, wanda ya gabace shi Uba, mafi tsufa kuwa Kaka. Kaka ba ta kwana gida ɗaya da kwamfuta, don in wuta ko ruwa ya ci gidan, a sami inda za a koma. A Legas banki ke ajiye musu ita. Da lokacin ƙaura ya zo, manajan gudanarwa, Oga Albert, mutumin Filato mai son a yi abu cikin tsari da kiɗa, ya tura Felicity gaba da Kaka a akwatin ƙarfe, sauran kuma su biyo tare da kayan ofis.

Ta sauka Abuja damina ta kankama, ta tsaya baki sake. Dajin da ta sani tana yarinya an tsaga shi da tituna masu faɗin da za a shanya dawar ƙauye guda a kai, ba kowa a kansu sai motocin yashi. Gine-gine suna tsirowa a gindin duwatsu kamar an yi musu ban ruwa. Ta ji alfahari, ta kuma ji tsoro. Sai dai birnin, duk da kwarjininsa, bai gama ɗaura zani ba. Ɗakin ajiyar bankin ba a sa masa ƙofa ba. Sabon ginin kamfaninsu, simintinsa na ta gumi. Ɗakin da ta kama a Nyanya kuwa, da rana tanderu, in an yi ruwa sai an tara kwanuka.

Ta buga wa Oga Albert waya ta faɗa masa wurin da ya rage mata: rumbun Baba Kure a ƙauye. Ya yi dariya har sai da ya yi tari.

"Rumbu? Felicity, kina so a ce company kamar namu ya ajiye data a rumbu?"

"Oga, yana kan duwatsu, ruwa ba ya taɓa shi. Cikinsa da sanyi ko rana ta take. Na wata biyu ne kawai, kafin banki ya gama."

Ya nemi wata dabarar bai samu ba. "To, ki je. Amma kada manyan Lagos su ji."

Ta naɗe kowane faifai a leda, ta rufe akwatin, ta kai ƙauye. Baba Kure bai tambayi me ke ciki ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Na wa ne?" Ta ce na kamfani ne. Ya ce ajiya dai ajiya ce, ya ɗaga hular rumbun da yake ajiye irin shuka, wanda ko matansa ba sa leƙawa, ya zura akwatin da kansa.

Ranar da ayarin motocin kamfanin ya iso, an yi shagali. Oga Albert ya sa an kafa rumfa, an ɗaura manyan lasifikokin da aka zo da su daga Legas, kiɗa na tashi har duwatsu suna amsawa. Felicity ba ta zauna cin shinkafa ba. Ta nemi Timothy, shugaban direbobi, ta tambaye shi ina kwalayen Uba da Ɗa.

Timothy mutum ne mai amana, kuma amanar ce ta jawo abin da ya faru. Ya buga ƙirji ya ce, "Madam, kada ki damu. An ce mini kayan nan ba ya son ruwa, ba ya son zafi, ba ya son girgiza. Na sa su duka a sabuwar mota. Na matse su tsakanin bayan lasifika da bayan lasifika, na ɗaure tam. Daga Lagos har nan ko motsi bai yi ba!"

Felicity ta dafe kai. A bayan kowace lasifika akwai maganaɗisu mai girman tasa, kuma maganaɗisu yana share abin da ke kan irin wannan faifai kamar yadda ake share allo. An gaya wa Timothy ruwa, an gaya masa zafi, an gaya masa girgiza. Ba wanda ya tuna ya gaya masa wannan. Garin neman gira an rasa ido.

Washegari da safe aka ɗora Ɗa a kan sabuwar kwamfutar, wadda aka sayo fanko. Ya juya, ya tsaya, ya ƙi karantuwa. Aka ɗora Uba, shi ma haka. Oga Albert ya zauna a kan kwali, ya kwance laktayensa.

"Yesu," ya ce a hankali. "Felicity, wannan rumbu naki, yana nan dai ko?"

Suka kama hanyar Bwari. Felicity tana ta lissafin abin da zai iya faruwa: gara, ɓera, yoyo, jika mai ƙiriniya. In Kaka ta lalace, kamfanin zai koma lalube kamar kowa. Amma gaskiya ba kamfanin ne ke matse mata ƙirji ba. In Kaka ta lalace, maganar Baba Kure ta tabbata har abada, Baƙo bai bar komai ba.

Sun sami Baba Kure yana gyaran fartanya. Ya ɗaga hular rumbun, ya fito da akwatin a bushe, sanyi ƙalau, sai ƙamshin dawa. Oga Albert ya miƙa hannu biyu da murna, tsohon ya janye.

"Kai ne mai kaya?" ya tambaya da Hausarsa ta kasuwa.

"Baba, ni ne manaja."

"Ban tambaye ka manaja ba. A gidan nan, ajiya da ya kwana a rumbun iri, ni nake kai shi hannun mai shi, in ga ya duba ya ce ya cika. Haka ubana ya yi."

Oga Albert ya kalli Felicity, ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi duk da tashin hankalin da take ciki. Mai duba kayan nan dai kwamfuta ce, ba ta kuma zuwa Bwari. Haka aka sa tsoho a gaban mota, akwati a cinyarsa, ya rungume shi kamar jariri.

Bai taɓa shiga sabon birnin ba, ko da yake yana hango fitilunsa daga gona. Ya yi ta kallon tituna, can ya nuna wani shataletale ya ce a nan suka taɓa kashe gwanki shi da Baƙo.

A ƙofar ɗakin kwamfuta ya cire takalmansa ba wanda ya ce masa. Sanyin ɗakin ya doke shi, ya waiga yana neman ta inda iskar ke shigowa. Akwatunan ƙarfe masu tsayin mutum suna tsaye a jere, suna gurnani a hankali, ƙananan fitilu na ƙifta ido. Felicity ta goge hannunta a siket, ta kwance ledar faifai na farko, ta ɗora.

Faifan ya juya. Ya tsaya. Zuciyarta ta tsaya tare da shi. Sai ya sake juyawa, ya ci gaba, santsi kamar mazari a hannun gwana. Na biyu ma haka, na uku ma haka, har na ƙarshe. Aikin 'yan makonnin baya ne kawai babu, shi kuwa takardunsa na nan. Oga Albert ya ɗaga hannu sama yana godiya ga Allah, ya ce lallai da tsohuwar zuma ake magani. Timothy, da ke laɓe a bakin ƙofa tun safe, ya share ido da hularsa.

"Ya cika?" in ji Baba Kure.

"Ya cika, Baba."

"To me ke ciki? Na ga ba hatsi, ba kuɗi."

Felicity ta ɗaga kai. Ta dubi Oga Albert, ya gyaɗa mata kai. Ta zauna ta buga sunan mahaifinta, ta umarci kwamfutar ta fito da duk rijiyar da aka haƙa a ƙarƙashinsa. Na'urar bugawa ta kama ƙara kamar ana ɓarar gyaɗa, takarda ta fara fitowa tana naɗewa a ƙasa. Ita kanta ba ta taɓa neman su gaba ɗaya haka ba, ɗaya-ɗaya take cin karo da su a cikin aiki. Ta ɗauki bakin takardar ta fara karanta wa Baba Kure da harshen gida.

Wani ƙauye a ƙasar Kontagora, an sami ruwa bayan an fasa dutse, shugaban aiki Baƙo. Wata makaranta kusa da Gashuwa, Baƙo. Asibitin kutare a ƙasar Ogoja, Baƙo. Kasuwar shanu, zangon makiyaya, wani gari da sunansa ya gagari bakinta, Baƙo, Baƙo. Ta yi ta karantawa, na'urar ba ta daina ba. Takardar ta taru ta rufe ƙafafun tsohon da ba takalmi.

Ya durƙusa ya taɓa ta. Bai iya karatu ba, amma ya bi layukan da yatsa kamar mai duba kunyoyin gona.

"Duk waɗannan garuruwa ne?"

"Garuruwa ne, Baba."

"Da mutane a ciki?"

"Da mutane."

"Kuma har yau suna sha?"

"Da yawansu suna sha."

Ya daɗe a durƙushe. Felicity ta ga leɓensa na motsi, ta kasa gane addu'a yake ko zance yake da wani. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Tun tana 'yar makaranta take ɗauke da maganar damin dawar nan, yau ta ji an sauke mata.

Da ya miƙe, sai ya juya ga Oga Albert. "Manaja, wannan abu, a sake yin wani a ba ni."

"Baba, banki ya kusa gamawa. Za mu kai can."

"Ku kai banki naku. Nawa dabam." Ya naɗe takardar a hankali, ya rungume ta yadda ya rungumi akwatin, ya dubi Felicity. "Rumbun ƙanena ba kowa a ciki tun da ya tafi. Gobe zan yi masa sabuwar hula. Girbinsa ya iso gida."