Kaset ɗin da Hulda Ta Ɓata

Ezra Takawa mutum ne da ba ya son hayaniya, kuma Allah ya haɗa shi da aikin da ya dace da shi. A asibitin mishan da ke kusa da Madawa shi ke wanke almakasai da wuƙaƙen likitoci, ya dafa su, ya jera a tire. Ba mai yi masa magana sai in wani abu ya ɓace, kuma ba abin da ke ɓacewa. In ya tashi aiki kuwa, ba ya zaman majalisa, ba ya dara. Kaset kawai ya sa a gaba.

Su uku ne masu wannan ciwo tun suna koleji: shi, da Attahiru Jika wanda ya zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tabotaki, da Gado direban motar kasuwa. Wani Bature mai gyaran famfo ne ya fara lalata su. Da zai koma gida ya bar wa Ezra kwali guda na kaset, waƙoƙin gita na ƙasarsu irin waɗanda ko gidan rediyo ba ya sakawa, wasu a hankali kamar mai rarrashin yaro, wasu kuma sai ka ce ana faɗa da tukwane. Ba wanda ya san abin da ake cewa a ciki, kuma wannan bai dame su ba. Attahiru shi ke kawo na ƙauye: wani makaho mai gurmi da ya ɗauka a kasuwar Azarori, da tsofaffin mata masu waƙar daɓe. Gado kuma shi ke sauko da gitar samarin Abzinawa daga arewa, a shekarun tawaye, lokacin da mutum ba ya so jandarma ya laluba aljihunsa ya same ta.

Kowa sai ya zaɓi nasa ya jera a kaset guda, Bature ya gama makaho ya ɗauka, makaho ya gama Ba'abzine ya shigo, sannan a ba Gado ya kai wa na gaba. Babu mai rediyo mai ɗakin kaset biyu a cikinsu. Rediyo mai kaset suke da shi, wanda ake kira manyeto. Sai a aro na maƙwabci, a haɗa su baki da baki a kan tabarma, ɗaya na waƙa ɗaya na ɗauka. Duk abin da ya yi motsi a gidan kuwa ya shiga ciki. Kaset ɗin Attahiru ba ka raba shi da awaki da tarin surukarsa. Na Gado ana jin ana cinikin albasa a bayan gita.

Wannan abu yana ƙona wa Ezra rai. Shi in zai ɗauka, sai ranar Lahadi bayan an taso daga coci, da tsakar rana, lokacin da ko kaji sun nemi inuwa sun yi tsit. Ya sa sababbin pil, wato batir, ya rufe ƙofa da taga, ya tsuguna a kan injin yana zufa ba ya ko sharewa. In ya gama, sai ya sa ɗan makulli ya karya 'yan kunnuwan nan biyu da ke saman kaset, waɗanda in babu su ba a iya ɗaukar wani abu a kai. Attahiru ya sa masa suna Malam Shiru, sunan kuma ya bi shi.

Matarsa Hulda ba ta taɓa ɗaukar wannan ibada da muhimmanci ba. Mace ce mai magana da kowa, har da kaji da tukunya. Wata Lahadi yana tsakiyar ɗaukar waƙar da ya fi so, wata mace mai siririyar murya da gita ɗaya tak, sai ƙofa ta yi ƙara. Hulda ta leƙo da 'yarsu Ni'ima a baya.

"Baban Ni'ima, tuwo na hucewa hwa," in ji ta. Da ta ga yadda ya zaro ido sai ta fashe da dariya.

"Ke, yi shiru mana!" ya ce.

Ta ja ƙofar tana ci gaba da dariyarta. Shi kuwa ya yini yana fushi, tuwon ma da sanyinsa ya ci. Lahadi ta gaba ya sake ɗauka a wani kaset, tsaf, ya karya kunnuwansa ya adana. Wancan da ya ɓaci bai ga dalilin karya masa kunne ba. Ya ba Gado ya kai Tabotaki, da saƙon cewa mutumin da ya saba da awaki wannan ma ya ishe shi, in ya gama ji ya ɗauki wani abu a kai.

A bazarar 1995 sanƙarau ya shigo yankin. Hulda ta kwanta da ciwon kai, kafin mutane su gama jin ba ta da lafiya sai suka ji rasuwarta. An yi addu'a, an yi waƙoƙi, an kai ta. Attahiru da Gado sun zo sun zauna tare da shi a kan tabarma, Musulmi biyu a tsakiyar 'yan coci, ba wanda ya ga baƙon abu a ciki. Da aka watse, uwar Hulda ta goya Ni'ima ta tafi da ita Buza, don namiji mai aikin asibiti ba zai iya da 'yar da ba ta daɗe da yaye ba. Ezra bai yi musu ba. Gidan ya koma yadda ya daɗe yana so, ba mai buga ƙofa, ba mai magana da kaji. Ya tsani gidan.

Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi. Fuskarta ba ta ɓace masa ba, akwai hoton aurensu a bango. Muryar ce ta fara zamewa. Wata safiya yana jera almakasai ya so ya tuna yadda take kiran sunan Ni'ima, ya san kalmomin, ya san har yadda take karkata kai, amma sautin ya ƙi zuwa. Ya tsaya da tire a hannu, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a ranar jana'iza. Ya ga cewa in muryar nan ta tafi, ba inda zai same ta, kuma ranar da Ni'ima za ta tambaye shi yadda uwarta ke magana ba shi da abin da zai ba ta.

Ya koma gida ya zazzage kwalinsa. Kaset fiye da yadda mutum ɗaya ke buƙata, duk an ɗauke su a cikin gidan da Hulda ta rayu, kuma babu ko tarinta a ciki. Aikinsa ya yi kyau ƙwarai. Yana zaune a tsakiyarsu ne ya tuna da wanda ya aika Tabotaki.

Ranar kasuwar Tabotaki ya nemi izini ya shiga motar Gado. Bai faɗa masa abin da zai kai shi ba, ya ce zumunci ne. Hanya ce mai duwatsu, mota cike da buhunan albasa da mata masu ƙwarya a cinya, kowa na hira da kowa. Ezra ya manne a jikin ƙofa yana kallon tuddai.

Ya sami Attahiru a gida an taso daga lakwal, hannunsa duk alli. Cima matarsa ta kawo fura, ta durƙusa ta sake yi masa gaisuwar rashi. Aka tambayi Ni'ima, aka tambayi aiki. Sai da Ezra ya sha furar ya ajiye ludayi sannan ya yi magana, yana kallon ƙasa.

"Attahiru, kaset ɗin ga da na aiko maka bara waccan, wanda Hulda tash shigo ciki. Shina nan?"

Attahiru ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe, ya fito da shi a hannu. Bai miƙa ba.

"Ga shi nan, amma ba ita ciki. Kai kac ce in ɗauki wani abu bisa. Makahon ga na Azarori na sa, tun kahin ta kwanta." Ya zauna a hankali. "Da na sani, wallahi da hannuna bai taɓa shi ba."

"Ni nac ce," in ji Ezra. "Ba laihinka ba na."

Duk da haka ya sa aka kunna. Suka saurara har ƙarshe, ko an bar wani ɗan guntu a baya. Gurmi ne kawai da muryar makaho, sai akuya.

Cima ce ta yi magana daga bakin madafa. "Malam, ba ka kwahe ma Gado shi ba? Na tuna ranar, don kai ma sai da kac ce in bar daka, ni ko nac ce sai dai ku kwana da yunwa."

Suka tarar da Gado a tasha yana ɗaure kaya a saman mota. Ya sauko ya jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin kujera, kaset a ciki birjik, wasu ba murfi, wasu rana ta lanƙwasa su. Gado ba ya rubuta suna a kan komai, da ido yake gane su. Ya tona, ya tona, ya ɗago wani mai tsagaggen gefe, zarensa ya fito waje yana reto. Ya sa bik, wato biro, a ramin ya murɗa a hankali har zaren ya koma.

"Wanga na," ya ce. "Fasinja na son shi. In anka zo wurin, har dariya sukai."

Suka shiga gaban motar su uku suka rufe gilashi, ga zafi, ga hayaniyar kasuwa a waje. Gado ya tura kaset, ya kai gaba, ya dawo baya, ya saki.

Macen nan mai siririyar murya ta fito, can nesa, kamar daga cikin rijiya, don kwafin kwafi ne, kuma ya sha rana. A kanta ana jin taɓaryar Cima, dum, dum, ba ta fasa ba. Sai ƙarar ƙofa. Ezra ya riƙe numfashi.

Hulda a bakin ƙofa take a ranar, nesa da inji. Abin da ya rage nata ɗan kaɗan ne. "Baban" ya tafi a ƙarƙashin taɓarya. An ji "hucewa hwa", siriri, sannan farkon dariyarta, wannan da take yi ta hanci kafin ta buɗe baki. Ita ce, ba shakka ita ce, har tsigar jikinsa ta tashi. Sai wata murya ta faɗo a kai, kusa, da ƙarfi, ba abin da rana ko taɓarya suka rage mata, don mai ita bakinsa a kan inji yake.

"Ke, yi shiru mana!"

Daga nan ba a sake jin ta ba. Gita ya ci gaba.

Gado ya kai hannu ya kashe. Yanzu ya gane abin da fasinjansa ke yi wa dariya, kunya ta hana shi ɗaga kai. Attahiru ya juya yana kallon masu awon gero ta gilashi.

"Maido baya," in ji Ezra.

Aka maido. Ya sake ji, ya sake cewa a maido. A na ukun hawaye na zuba har cikin wuyan rigarsa, bai share ba, su ma ba su ce ya yi haƙuri ba, don sun riga sun faɗa tun a kan tabarma. Da Gado ya ciro kaset ɗin ya miƙa masa, Ezra ya karɓi makullin motar ya karya kunnuwan biyu a nan take, ya sa shi a aljihun ƙirji.

A gida ya koyi inda zai danna ya tsayar, daidai bayan dariyar. Amma maɓallin manyetonsa ya tsufa, ba ya kamawa da wuri. Kullum sai "Ke" ta fito kafin ya mutu. Bai kwafe shi ba, don ya san kowane kwafi muryarta zai ƙara ci, ya bar tasa. Ya naɗe shi a ɗankwalinta ya ajiye wa Ni'ima, yana tunanin ranar da za ta ji, da abin da zai ce mata game da muryar ta biyu.

Aka daɗe bai haɗa kaset ba. Attahiru ya yi ta aiko da nasa, da awakinsa, Gado na kawowa yana komawa hannu wofi. Sai wata Lahadi bayan coci Ezra ya aro manyeton maƙwabci, ya haɗa su baki da baki a kan tabarma. Ya jera Bature, ya jera makaho, ya jera samarin arewa. Bai rufe taga ba. Ƙofar ma ya buɗe ta har bango, ya tokare da turmi, ya zauna yana kallon tsakar gida har kaset ya cika gaba da baya.

Mako na zagayowa Gado ya tsaya a bakin asibiti, ya leƙo ta tagar mota yana murmushi, yana so ya ga abokinsa ya sake.

"Malam Shiru, Attahiru ya ce in gaishe ka. Ya ce duk kaset ɗin da kat taɓa yi, babu mai tsabta kamar wanga. Ko tari babu. Ya ce in tambaye ka da mi kat toshe ɗakin."

Ezra ya gyara tiren da ke hannunsa.

"Ban toshe ba," ya ce. "Ƙohwa buɗe na bar ta."