Jinin Masuntan Warra

…a cikin ƙashi, wai. Asabe tana zaune a barandar asibiti a Sakkwato, tana juya maganar likita. Sankarar jini. Ta san sankara a nono, ta san ta a ƙafa, wadda ake nunawa da yatsa. Amma jini? Ina za a kama shi a yanke?

Umaru, ɗanta na fari, yana kwance can ciki, tafin hannunsa fari fat. Umaru fa. Yaron da ke tuƙa kwalekwale daga Warra zuwa tsallake ko haki ba ya yi. Ya dawo da hantsi, ya zube mata kifi gaban murhun banda, "Inna, ga na miya"—ya zari ƙyafaffe mai zafi ya ruga, tana binsa da zagi tana dariya. Wallahi ta yi kewar zagin nan.

Tabo ya fito masa a cinya, aka ce filafilin tuƙi ya buge shi. Zazzaɓi, aka ce sauron bakin tafki… dasashi na jini, aka ce asuwaki ne. Wa zai kawo wani abu a ransa?

Likita ya yi mata bayani da Hausa, Allah ya saka masa. A ɓargo ake yin jini. Na Umaru ya rikice, sai fitar da ƙwayoyi yake yi ɗanyu, ba su nuna ba, ba su aiki, sai cin wuri—kamar kainuwa in ta rufe mashigi, ba kifi, ba hanyar jirgi. Kuma ba ya jira, wannan ciwon.

Ga su can ƙarƙashin dalbejiya, masuntan unguwarsu, mota guda. Sun bar taru a daidai lokacin da kifi ke kamuwa. Har Sunday mai gyaran inji ya biyo su. An ce jinin Umaru ya ɓaci? To a kwarfe shi yadda ake kwarfe jirgi, a zuba nasu, shi ke nan. Haka suke tun tana yarinya—jirgi ya kife, gari duka ya faɗa ruwa.

Za a karɓi jinin nasu, in ji likita, zai riƙe shi kwana biyu. Riƙewa kawai. Sai magani mai ƙarfi, gashi ya zube, ko a dace ko…

Sun hango ta. Suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, da murmushi, kowa ya naɗe hannun riga. Ta ina za ta fara gaya musu?