Yara Goma Sha Huɗu da Suka Ɓace a Cikin Waya

Gwaji ɗari huɗu da goma sha biyu Rauda Abdulhamidu ta rubuta wa manhajarta, kuma duk lokacin da ta danna su sai su fito kore. Kore yana nufin manhajar ta yi abin da aka sa ta, ja kuwa yana nufin akwai kuskure. A kan wannan koren ta gina kundin digirinta na biyu a Sakkwato, saura mako uku ta tsaya gaban malamai ta kare shi.

Aikin manhajar ba mai wuyar ganewa ba ne. Masu allurar rigakafi a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe suna shigar da sunan kowane yaro a cikin babbar wayar aiki. Wani lokaci akan shigar da yaro ɗaya sau biyu, lissafi ya rikice. Rauda ta ƙera hanyar gane wannan: idan suna ɗaya ne, uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sai manhajar ta haɗe su, su zama yaro guda. Abin da kundinta yake faɗa shi ne, wannan hanya ba ta taɓa ɓatar da yaro ba.

Ranar Litinin malamin da ke duba aikinta, Dokta Nasiruddeen, ya kira ta ofis. Ya tura mata takarda a kan tebur.

"Daga ƙungiyar da ke ba da allurai da wayoyin take," in ji shi. "Akwai wani ma'aikaci a ƙaramin asibiti gaba da Fakku, Armaya'u Isah. A takarda ya ce ya yi wa sababbin yara tamanin da shida allura, kuma ya karɓi magungunan tamanin da shida. A manhajarki saba'in da biyu ne. Suna son mu gaya musu ranar Juma'a: laifin manhaja ne ko na mutum. In na mutum ne, sallamarsa za su yi."

"Dokta, na sake danna gwaje-gwajen da safen nan. Duk kore ne."

"To kin ga amsa ke nan. Asibiti goma sha ɗaya suna amfani da ita, ba inda yaro ya ɓace sai a wurinsa. Rubuta musu."

Rauda ta ɗauki biro, ta ajiye. A aji shi da kansa ya koya musu cewa ba a yanke hukunci a kan matsalar da ba a gan ta da ido ba. Ta tuna masa, cikin ladabi. Ya ɗan yi murmushi.

"Je ki gani. Amma ki kula, mutumin da ya karkatar da magani ba zai jira ki da shi a hannu ba."

Ta kwana a gidansu a Tambuwal. Mahaifiyarta, Hajiya Asiya, ta leƙo daga madafa ta ce wa maƙwabciya, "Yarinyar nan ta Sakkwato ce ta zo," sannan ta ajiye kwanon tuwo ba tare da ta dube ta ba. "Ke, ci tun da zafi." Rauda ta ci, hankalinta yana kan Armaya'u Isah. Gaskiya ita ce, tana so laifin ya zama nasa. Ta san da haka, kuma bai yi mata daɗi ba.

Washegari da hantsi ta isa asibitin, bayan mota ta sauke ta a Kebbe ta hau kabu-kabu ta ratsa gonakin gero da aka fara yanka. Ɗaki biyu ne da rumfa. Malam Armaya'u dattijo ne siriri, gemunsa ya fara fari. Ya amsa sallamarta, ya ba ta benci, bai zauna ba.

"Ke ta anka aiko ki duba ni?"

"Manhajar na zo dubawa, Baba."

"Hakanan suka cewa."

Ta karɓi wayar ta yi mata duk abin da ta sani. Ta shigar da yaro na gwaji, ya zauna. Ta kashe wayar tana tsakiyar aiki, ta kunna, yaron yana nan. Ta cire layi, ta mayar, ta canza kwanan wata. Ba abin da ya ɓace. Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon hannunta.

"Baba, ko zan ga katunan yaran?"

"Katin yaro ga uwarshi shike."

"Ba ka da wani rubutu naka na ajiya?"

Idonsa ya faɗa kan jakar da ke rataye a ƙusa, inda wani littafi mai baƙin bango ya leƙo. Ya taka a hankali ya tura littafin ciki, ya ja zif.

"Babu," ya ce.

Rauda ta ji wani sanyi a ranta. Ga mutum yana ɓoye littafi a gaban idonta. Me kuma ake nema? Da ya fita alwala ta leƙa firjin allurai, ta ƙirga kwalabe, ta rubuta a bayan hannunta. Ta dubi babur ɗinsa, sabuwar taya ce a baya. Ta dubi takalminsa. Ko sallamar da wani mai shagon magani ya yi masa daga bakin hanya sai da ta saurara da kyau.

"Gobe ina za ka yi allura?" ta tambaye shi da ya dawo.

"Rugar Ardo Shafi'u. Da nisa, Malama. Akwai rafi."

"Zan je."

"Ba wurin baƙi ba na."

"Zan je, Baba."

Ta kwana a gidan wata ungozoma. Ranar Laraba tun rana ba ta yi zafi ba suka kama hanya, shi a gaba da kular allurai ɗaure a baya, ita a kan kabu-kabu. Duk inda ya rage gudu sai ta zuba ido ko zai miƙa wa wani wani abu. Bai tsaya ba sai a gindin wata tsamiya, inda mata kusan goma suke zaune da jarirai, shanu suna kiwo can gefe.

Nan ta ga wani Armaya'u dabam. Ya tsuguna, ya gaisa da Fulatanci, ya tsokani wata tsohuwa cewa har yanzu ba ta ba shi man shanun da ta yi masa alkawari bara ba. Tsohuwar ta ce ya fara yin ƙiba tukuna, kada man ya lalace a banza. Aka yi dariya. Mata uku na farko suka faɗi sunayen 'ya'yansu, ya shigar a waya, ya yi allura. Rauda tana tsaye a bayansa tana ƙirga kowace kwalba.

Ta huɗu matashiya ce da ake kira Hinde, da jariri namiji. Armaya'u bai tambaye ta komai ba. Ya karkatar da wayar kaɗan don kada Rauda ta gani, ya fara dannawa. Rauda ta matso.

"Baiwar Allah, yaya sunan yaron?"

Hinde ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Sunansa fa? Da na babansa?"

Wata mata ta ƙyalƙyale da dariya ta kau da fuska. Hinde ta fara gyara goyo za ta tashi.

"Zamna, ɗiyata, zamna," Armaya'u ya ce da sauri. "Baƙuwa ta, ba ta sani ba." Ya juyo ga Rauda, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Malama, don Allah ki ja baya."

Kafin ta ja baya ta riga ta ga allon wayar. A gurbin suna ya rubuta Ɗan Fari. A gurbin uba, Ardo Shafi'u. Ranar haihuwa, ɗaya ga watan Agusta. Bayan ya yi allurar sai ya zaro baƙin littafin, ya yi wani ɗan zane a ciki, ya yi irinsa a kusurwar katin Hinde.

Sai da mata suka watse ta tare shi.

"Baba, sunan ƙarya ka shigar. Na gani."

"Kin gani." Ya zauna a kan saiwar tsamiya ya ajiye hularsa a gwiwa. "Ga horon da anka yi muna an ce duk wanda ya sa sunan da ba na yaro ba, korar shi za a yi. Shi ya sa na ɓoye miki. To mi zan sa? Ɗanta na fari na, ba ta faɗin sunanshi. Kuma sunan surukinta anka sa mishi, duk matan gidan ba mai faɗi. Na miji ma ba ta faɗi. Mazan suna daji da shanu. Wayarku kuwa in ba a cika gurbi ba, ba ta matsawa gaba."

"Da ka lallashe ta."

"Na taɓa. Shekara biyu ke nan na matsa ma wata har ta faɗi, ta yi kuka gaban mutane. Wata biyar ba mace ɗaya da ta kawo min yaro daga rugar ga. Cikin wata biyar ɗin nan ƙyanda ta shigo."

"Ranar haihuwar fa?"

"Su ce lokacin da gero ya fid da kai. Sai in sa ɗaya ga wata."

Ya miƙa mata littafin. Shafi bayan shafi, zanen kunnuwan shanu ne, kowane da irin tsagarsa: wani an yanke baki, wani tsaga biyu a ƙasa, wani huda a tsakiya. A gefen kowane kunne akwai rana da irin allurar da aka yi.

"Kowane gida da shaidar da suka yi ma shanunsu," in ji shi. "In mace ta zo, in dubi kati, in dubi kunne, na san ɗan wa na. Ban taɓa rikita biyu ba."

Rauda ta zauna a ƙasa ta buɗe kwamfutarta a kan cinya. Ta ƙirga kunnuwan da yatsa: ashirin da uku. Ta nemi Ɗan Fari da 'Yar Fari a cikin manhaja: tara. Ta sake ƙirgawa, ko Allah zai sa ta yi kuskure. Ashirin da uku. A watan Yuni kaɗai maza huɗu ne, duk Ɗan Fari, duk na Ardo Shafi'u, duk ɗaya ga wata, manhajarta kuma ta duba su ta ce yaro ɗaya ne.

Sunayen da ta yi gwaji ɗari huɗu da goma sha biyu da su, daga rajistar makarantar firamare ta mahaifinta ta kwafo su, 'ya'yan malamai da akawu, kowa da cikakken suna da takardar haihuwa. Ita da take 'yar fari, ta shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa jin sunan Rauda a bakin mahaifiyarta ba, amma ba ta rubuta gwaji ko ɗaya na yaron da ba a faɗin sunansa ba.

Ta rubuta shi nan take. Yara biyu, gida biyu, suna ɗaya, uba ɗaya, rana ɗaya. Ta danna. Layuka suka gudana kore, kore, kore, na ƙarshe ya tsaya ja.

Armaya'u ya leƙo. "Jan ga alheri na ko sharri?"

"Gare ka alheri ne, Baba."

"Gare ki fa?"

Rauda ta rufe kwamfutar. Ta ɗauki hoton littafin shafi-shafi, da izininsa.

Sai a Kebbe ta sami layi mai kyau, bayan la'asar. Ta kira Dokta Nasiruddeen, ya saurare ta har ta gama.

"Kin ga yaran da idonki, ko kunnen saniya kika gani? Kowa yana iya zana kunne."

"Na ga katuna shida a hannun iyayensu, Dokta, zanen ya yi daidai. Gobe za mu sauran rugage biyu in ga ragowar. Amma ko ban gan su ba, gwajin ya fito ja. Manhajar tana haɗiye yara."

"Kin san me kike faɗa? Babi na huɗu da na biyar sun rushe. Ba za ki kare kundi bana ba."

"Na sani."



"Sunan ƙaryar da ya sa fa? Ƙungiyar za ta tambaya."

"Zan rubuta cewa manhajata ce ta hana shi barin gurbin babu komai. Haka abin yake."

"To. Turo min gwajin in gani da kaina. Kuma ki ɗauko min hoton kunnuwan nan da kyau, kada su yi dishi-dishi. Ina jin babi na huɗu sabo yana cikinsu."

Ranar Juma'a da safe rahoton ya tafi, layi takwas, babu sunan Armaya'u a ƙarƙashin laifi. Ta kira shi ta karanta masa. Ya ce ta maimaita layin ƙarshe, ta maimaita.

"Madalla," ya ce. "Amma Malama, kwalaben da kinka ƙirga ga firji ranar Talata, kin yi kuskure. Na ga abin da kinka rubuta ga hannunki. Akwai huɗu bayan ƙanƙara da ba ki gani ba."