Giyar da Ta Yi Barci a Baranda

"Gleb, ka fitar min da bokitin nan. Gidan duk wari yake kamar an jiƙa burodi an manta."

"Ina zan kai shi, Mama?"

"Inda ubanka ya kai kansa."

Na dubi bokitin. Ita kuma ta ci gaba da goge teburin da babu ko ƙura a kansa.

Bokitin na Baba ne. Shekara uku ke nan da ya tafi aikin rijiyoyin mai a Atirau, bai sake taka Almati ba. Ya bar bokitin roba mai murfi, kwalabe arba'in, da takarda ɗaya da rubutun hannunsa. Lokacin muna gidanmu na Talgar, duk ƙarshen shekara yakan haɗa giyar biki, mai ƙarfi, mai ɗacin da ke sa baƙo ya yamutsa fuska sannan ya sake miƙo kofi. Da ya bugo ya ce zai zo Sabuwar Shekara ya kwana biyu, sai na ɗauko takardar. Na gama sakandare tun Yuni, ba makaranta, ba aiki. Ina son ya tarar da wani abu da na iya. Wataƙila ya ƙara kwana.

Na bi takardar layi-layi. Gwangwani uku na tsiron sha'ir, wanda aka dafa ya yi kauri kamar zuma. A tafasa awa ɗaya. Furen hop sau uku, na farko don ɗaci, na ƙarshe don ƙamshi. Ɓawon lemo da kirfa. In ya huce, a zuba yis. Layin ƙarshe ya ce a ajiye a wuri mai ɗan sanyi.

A Talgar muna da ɗakin ajiya a ƙarƙashin ƙasa. Nan Almati kuwa hawa na bakwai muke. Bututun ɗumama gida hukumar gari ke kunna shi, ba mai iya ragewa, cikin Disamba da singileti muke zama. Don haka Mama ta ci nasara. Na kai bokitin baranda, na naɗe shi da tsohuwar rigar sanyin Baba.

Kwana huɗu ɗan bututun da ke kan murfin yana ɓul-ɓul. Sai ƙanƙara ta sauka, ya yi tsit. Na fita na kasa kunne, na dawo, na sake fita. Kwana biyu ba motsi. Na ce giyar ta gama. Na ɗura a kwalabe da ɗan sukari, na jera su a kabad ɗin da ke jikin bututun ɗumi. Daga nan ban iya zama ba. In na je taga sai in koma kabad.

Ranar ƙarshen shekara, ƙarfe uku na rana, Baba ya iso. Furfura ta cinye gefen kansa. Ya bubbuga bayana yadda ake yi wa ɗan maƙwabta.

"Arkadi, takalmi," in ji Mama. Gaisuwarta ke nan.

Muka zauna. Lemo da salak a tebur. Ya yi maganar jirgin ƙasa, ta yi maganar farashin ƙwai. Ina jiran gurbin da zan tashi in ɗauko kwalba, sai muka ji tau daga kabad. Kafin kowa ya motsa, wata ta biyo.

Ruwa mai kumfa ya malalo ta ƙarƙashin ƙofar. Baba ya shaƙi iskar, ya dube ni. Ya gane.

"Kada ka buɗe da fuskarka a wurin. Raisa, ba ni murfin tukunya da tawul."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji Mama tana miƙa masa. "Wancan ya fasa gida ya tafi, wannan yana fasawa yana ciki."

Ɗaya bayan ɗaya muka kwashe sauran kwalaben zuwa banɗaki, shi a gaba da murfin tukunya kamar garkuwa. Kowace ya buɗe, kumfa sai ta kai silin. Na riƙe bokitin, muna tarar abin da ya ragu. Rigarsa ta biki ta jiƙe sharkaf. Ya tsoma yatsa ya lasa.

"A ina ta kwana?"

"Baranda."

"To ba gamawa ta yi ba. Sanyi ne ya sa yis barci. Ka rufe ta a kwalba, ka kawo ta ɗumi, ta farka ba ƙofar fita."

"Takardarka ba ta faɗi haka ba."

"Ni ba da kunne nake ganewa ba. Akwai ma'aunin gilashi da ake tsomawa a ciki."

"Ina yake?"

Ya ɗan jima yana wanke hannu. "Yana wurina. Ya shiga cikin kayana."

Ya sake lasa, wannan karon a hankali. "Zaƙi ya yi yawa, don ba ta nuna ba. Amma ɗacin ya zauna. Hannunka ya fi nawa nauyi, yaro."

Ban ɗago kai ba.

Rabin bokiti muka samu. Da kansa ya ɗauka, ya ajiye a ƙasa, jikin ƙofar baranda ta ciki, inda iska ke ɗan shigowa. Mama na tsaye da tsumma, ba ta ce a fitar ba.

"Nan ne wurinta," in ji shi. "Mako biyu a bokiti, mako biyu a kwalba. Kada ka yi mata gaggawa, za ta yi."

Wata guda ke nan. Tikitinsa na komawa na jibi ne, na ga gefen tikitin ya leƙo daga aljihun rigar da ya rataye. Mama ma ta gani.

Na ce, "In ta yi, wa zai ɗanɗana ya gaya min?"