Direban Waya

Malam Nababa ya taka birki da iyakar ƙarfinsa, sai dai babu birki a ƙarƙashin ƙafarsa. Tabarmar roba ce kawai da tsohuwar jarkar ruwan lagireto. Ya manta yau a gefen fasinja yake zaune, a cikin motarsa ta kansa, ɗansa Fatihu ne riƙe da sitiyari.

"Baba, ai ban tashi ba tukuna," in ji Fatihu. "Giya kawai na saka."

Mutanen baya suka kwashe da dariya. Malam Nababa bai yi ba. Ya gyara hula, ya kama ƙarfen ƙofa da hannu biyu, ya shiga karanta duk addu'ar tafiya da ya sani, har da wadda bai tabbatar ta tafiya ba ce.

Tun yana saurayi yake jigilar mutanen Unguwar Ɗinya zuwa kasuwar Ɗanbatta, kuma motar nan ita ke ci da gidansa. Bana ne cutar yanar ido ta rufe masa gani. Malamin asibiti ya ce sai an yi masa aiki a Kano, ya kuma haramta masa tuƙi. Shi kuwa da ya dawo gida sai ya ce ƙura ce a gilashin mota, ya sa aka wanke gilashin da omo. A makon jiya ya yi ribas ya kwashe dangar maƙwabci har da turken akuya. Yau da safe, an gama lodi, buhunan gyaɗa sun hau sama, fasinja sun zauna, ya nemi makulli ya rasa. Matarsa Luba ce ta ƙulle shi a bakin zane.

"Malam, ko dai yaron nan ya ja, ko motar ta kwana a nan," ta ce daga bakin zaure. "Ni ban shirya takaba ba."

Ba wai Fatihu bai iya ba. Ya koya a filin makarantar firamare, yana da lasin ɗinsa, shekarunsa sun wuce ashirin. Abin da ya hana uban sakar masa mota wani abu ne da ya gani da idonsa, lokacin idon na aiki. Wata rana ya shiga shagon cajin waya ya tarar da samari sun yi cincirindo a kan Fatihu, shi kuma ya riƙe waya a kwance yana karkata ta hagu da dama. Wata jar mota ce a ciki, ƙasa-ƙasa kamar an zauna mata a ka, tana gudu kamar za ta tashi sama. Malam Nababa na tsaye yaron ya daki wata motar, tasa ta yi adungure, ta kama da wuta. Sai Fatihu ya tuntsire da dariya, ya danna wani wuri, ga motar ta dawo sabuwa fil. Dariyar nan ce ta tsaya wa Malam Nababa a rai. Tun ranar ya ce wanda mota za ta kife da shi ya yi dariya, ba zai ɗauki 'ya'yan mutane a motarsa ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Motar ta yi tari, ta zabura, ta mutu. Fatihu ya sake tayar da ita, ya saki kuloci a hankali kamar mai sauke ƙwarya cike da nono. Suka fita daga gari.

Hanyar burji ce ta ratsa gonaki, babu wurin da za a ce ga daji. An girbe gero, dawa ta sunkuyar da kai, ko'ina tulin harawa ne da mutane a duƙe. Malam Nababa bai ga wannan duka sosai ba, inuwa-inuwa yake gani. Kunnensa ya kasa, yana jiran ya ji injin ya ɗau kuka. Shiru. Motar na tafe a giya ta biyu, tana rangaji kamar mai tsohon ciki.

Can sai wani mai keke ya wuce su, ɗauke da damin rake, har ya ɗaga musu hannu.

"Kai, Fatihu!" Jamil ne, abokinsa kuma abokin karawarsa a wasan, yana zaune a baya da buhun barkono a cinya. "Kai ne fa kake ƙure maleji a waya. Ina ɗari ukun da kake takawa? Mai rake ya ba ka ƙura!"

"Waccan ba ta ɗauko gyaɗa ba," Fatihu ya amsa, bai ko waiwaya ba.

"To ai sitiyari sitiyari ne."

"Wallahi ba ɗaya ba ne. Waccan in ka ce mata dama, kafin ka rufe baki ta yi dama. Wannan sai na murɗa, ta yi shawara da kayan da ke kanta, sannan ta bi. Birkin ma sai na taka sau biyu take jin sallama."

"Haka take," Malam Nababa ya ce da sauri, don ba ya son a taɓa masa mota. "Na farkon gaisuwa ce."

Inna Aina'u mai ƙuli-ƙuli, wadda ta fi kowa daɗewa tana shiga motar nan, ta turo kai tsakanin kujeru. "Wai wace mota ce ake ta magana a kanta? Ta wane Alhajin ce?"

"Ta cikin waya ce, Inna," in ji Jamil. "Mutum biyu kawai take ɗauka, amma kuɗinta ya sayi garinmu da gonakinsa."

"Mutum biyu? To kayan fa a ina ake sawa?"

"Ba ta da but."

"Allah wadan naka ya lalace," ta ce, ta koma ta zauna. "Wannan ai keke ya fi ta."

Malam Nababa ya saci kallon ɗansa. Kusa da kusa yana gani. Gumi ya jiƙe wa yaron wuyan riga, yatsunsa sun damƙe sitiyari har jijiyoyi sun fito, leɓensa na motsi. Ashe shi ma addu'a yake yi. Babu alamar dariya a fuskar nan ko ta anini. Uban ya saki ƙarfen ƙofa da hannu ɗaya.

Suna dab da hawa kwalta aka danno musu hon daga baya. Iliyasu ne, direban ƙauyen gaba, wanda shekara da shekaru suke rige-rigen fasinjan mararraba shi da Malam Nababa. Dokar hanyar ke nan: wanda ya riga isa shi ke kwashe masu jira, na baya ya samu ƙura. Iliyasu ya jero da su, ya leƙo, ya ga wanda ke tuƙi.

"A'a! Nababa, yau direban waya ka ɗauko?" Ya ƙyalƙyale, ya ba motarsa wuta.

Nan Malam Nababa ya sake damƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu. Ya san abin da jar motar nan take yi in an wuce ta. Amma Fatihu sai ya ɗan ratse, ya ba shi hanya, ya ci gaba da rarrafensa. Da suka iso mararraba babu kowa sai wata akuya a ƙarƙashin darbejiya.

Ɗan Adam ba a iya masa. Mutumin da ya fito gida yana roƙon Allah kada yaro ya yi gudu, shi ne yanzu ransa ya ɓaci.

"Kujera biyu babu kowa, ka bar Iliyasu ya kwashe mana mutane," ya ce. "Ga kwalta nan shimfiɗe. Sa giya ta huɗu mana, ba gawa muka ɗauko ba."

"Yawwa, Baba, faɗa masa!" in ji Jamil.

Fatihu ya ƙara, amma kaɗan.

Lokacin kaka ne, kuma a wannan yanki kwalta ma masussuka ce. Manoman bakin hanya kan baza waken suya da karansa a tsakiyar titi, motoci su bi ta kai su fasa kwanson, su kuma su zo su juya, da yamma su share su sheƙe. Direban da ya kauce wa shimfiɗar ma har tsaki ake yi masa, don ya hana mutane aikinsu. Malam Nababa ya taka irin wannan wake ba adadi. Da ya hangi wani dogon abu ruwan ƙasa ya rufe titi a gaba, ya san ko mene ne, ya kuma ji motar ta fara rage gudu.

"Wake ne. Taka ka wuce, don a taka aka zuba."

Fatihu ya ƙura wa titin ido. Ya taka birki, ya saki, ya sake takawa.

"Ka ji ni kuwa? Na ce bi ta kai!"

"Baba, akwai abin da ke motsi."

"Iska ce! Ni za ka koya wa hanyar nan?"

Yaron ya danne birki har ƙasa. Tayoyin gaba sun riga sun hau karan waken, motar ta ɗan zame, kayan sama suka yi ƙara, buhun barkonon Jamil ya faɗo gaba. Ta ja jiki kaɗan, sannan ta tsaya cak. Kafin Malam Nababa ya buɗe baki ya yi faɗa, sai ya ji ihun mace daga gefen hanya, irin ihun da ba a yin sa sai a kan ɗa.

Ya fito yana laluben jikin mota, ya zaga gaba. Sai da ya duƙa sannan ya gani. Yarinya ce 'yar rarrafe, zaune a tsakiyar waken, rigarta kalar karan, ta cika hannu da kwanso tana kai wa baki. Tsakaninta da bamba bai fi tsawon tabarma ba. Uwar ta ajiye ta a inuwa ta juya ta ɗauko tsintsiya, ita kuwa ta bi bayan wake. Matar ta iso ta sure ta, tana salati tana jijjiga ta, tana dukan bayanta kamar ita ce mai laifi. Yarinyar da ba ta san me ake ciki ba sai a lokacin ta fashe da kuka.

Malam Nababa ya ja da baya. Ya zauna a bakin kwalta, ya cire hula. Lissafin ba mai wuya ba ne. Da shi ne a kan sitiyari, da giya ta huɗu zai shigo, kuma da bai ga komai ba sai ya ji a taya. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya kasa dainawa. Wani sanyi ya sauko masa tun daga ka har tafin ƙafa, idon nan da ba ya gani sosai ya kawo ruwa.

Fatihu bai fito ba. Yana nan zaune, riƙe da sitiyari. Uban ya taso ya tsaya a tagarsa.

"Tun daga ina ka hango ta?"

"Tun daga wajen kwalbatin can. Ban san mutum ba ne, na dai ga wuri ɗaya yana motsi, sauran ba sa yi. A wasan haka ake yi, Baba, can nesa ake kallo, ba gaban mota ba. Sai dai waccan da na taɓa birki ta tsaya. Wannan na taka, na taka, tana ta tafiya. Na zaci ba za ta tsaya ba."

Jamil ya duƙa yana ta tsince barkono daga ƙasan kujera. Inna Aina'u ta kwance ledarta ta miƙa wa uwar yarinyar ƙuli-ƙuli, ta haɗa mata da faɗa mai zafi kyauta. Mutanen wurin suka janye waken gefe, motar ta wuce ta kan kwalta tsura.

Sauran tafiyar babu wanda ya sake cewa a ƙara wuta. Sun shiga Ɗanbatta rana ta take, kasuwa ta cika ta batse, Iliyasu har ya sauke ya yi lodin komawa. 'Yan kamasho suka yi caa a kansu da tsiya, wani na tambaya ko a hanya suka kwana. Malam Nababa ya bar su suka yi ta yi. Ya tsaya har aka sauke buhu na ƙarshe, sannan ya ja ɗansa gefe, inuwar rumfar mai shayi.

"Gobe babu lodi," ya ce. "Ka duba mai da ruwa tun yau. Asibitin ido za ka kai ni, a cire min abin nan."

Fatihu ya zaro ido. "Kano, Baba? Cikin gari? Da 'yan adaidaita da manyan motoci?"

"Ba kai ne Jamil ya ce ka zaga biranen duniya a waya ba?"

"Baba, can babu mutane a titin."

"To nan akwai," in ji Malam Nababa. Ya ja benci ya zauna, ya ce wa mai shayi ya haɗa biyu, na direba a sa masa madara da yawa.